Bakin panno na rana ne, ku daina cusa mishi sharjer

 

Maganar yau ba za ta yi ma wasu daɗi ba, amma sai an faɗe ta. Akwai wata dabara da ta shigo gari, tana yawo daga salula zuwa salula, daga bakin mai gyara zuwa kunnen mai gida. Wai in rana ta yi ƙaranci, ka ɗauko sharjer na ordinatar, ka yanke kan waya, ka cusa ta a regilater, daidai bakin da wayar panno ke shiga. In kuran ya zo ko ka tada gurup, shi ke nan, batir ya cika. Wai fasaha. Ni ko na ce ɓarna ce, kuma talaka ne ke biyan kuɗɗinta. Zan faɗi dalili ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ga na yi ƙarya shi zo da hujja.

Mu fara da inda abin ya samo asali, don kada a ce ban san halin da ake ciki ba. Kowa na tune da 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi, kuma farkon watan Agusta Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa daga Kainji ta hanyar Birnin Kabi. Lokacin, kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗin da ƙasar ga ke sha daga can yake fitowa. Ba a maido shi ba sai watan Maris na 2024. Cikin wannan tsakani ne mutane da yawa sunka gane cewa ranar da ke ƙona mana ƙeya dukiya ce. Ita kanta gwamnati da rana ta rage zafi: tashar Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30 da panno sama da 55,000, ta fara ba da wuta cikin Nuwamba na 2023. Mu kuma nan ƙasa, kowa ya nemi nashi ɗan panno. Mai shagon cajin salula, mai firigon ruwan sanyi, mai aski, mai ɗinki, uwar gida da ke son ampul biyu da bantilatar saboda ɗiya. Wanda ke waje ya aiko kuɗɗi, wanda ke gida ya saida akuya. Wannan ba abin zargi ba ne, abin yabo ne.

Sai dai panno ya shigo, sani bai biyo shi ba. Kuma duk inda kaya sunka yi yawa sani ya yi kaɗan, nan ne kowa ke zama teknisiyan. Yaro ya kalli bidiyo biyu, ya sayi turnabis da fensa, gobe ya zama injiniya.

To bari mu buɗe cikin abin, a hankali, da Hausa.

Panno ba kamar sauran masu ba da wuta yake ba. Juya bayan pannonka ka karanta ƴar takardar da ke manne. Na wat 100 irin wanda ya cika kasuwa, za ka ga wajen bolt 18 in shina aiki, wajen bolt 22 in ba a ɗora mishi komi ba, ampar kuma 5 da rabi zuwa 6. Wannan 6 ɗin ita ce iyakarshi. Ko ka haɗa wayoyinshi biyu baki da baki, ba ya wuce ta. Kamar rijiya ce mai ƙaramin ido: ko raƙumi goma sunka zo da ƙishirwa, abin da idon ya tsattsafo shi za su sha. A kan wannan hali na panno anka ƙera regilater. Wanda ya ƙera shi ya san abin da ke shigowa ta wannan baki mai iyaka ne da kanshi.

Sharjer na ordinatar halinshi daban. An yi shi don shi riƙe bolt 19 daram, ordinatar kuma ta ja abin da take bukata, ba ta wuce ƙa'ida. Karanta bayanshi: da yawa an rubuta bolt 19, ampar 3.42, watau wat 65. Wannan ba alkawari ba ne cewa zai tsaya nan da kanshi kamar panno. Gargaɗi ne: kada ka ɗora mini fiye da haka.

Yanzu ka kawo regilater ɗin da ke mafi yawan gidajenmu, ɗan ƙaramin nan mai arha da ake ce ma PWM. Mi yake yi? Ba ya juya wuta, ba ya rage ta da dabara. Ƙofa ce kawai mai buɗewa da rufewa da sauri. In batir na da yunwa, sai shi buɗe ƙofar gaba ɗaya, shi haɗa abin da ke bakin panno kai tsaye da batir. Da panno lafiya lau, panno ya sauko zuwa bolt 13 ya ba da ampar ɗinshi biyar. Amma da sharjer fa? Ga mai son tsayawa kan 19, ga batir da ke kan 12, tsakaninsu babu komi sai ƴar waya. Batir babba da ya yi ƙasa zai nemi ampar da ta ninka ƙarfin sharjer sau da yawa. Ka ɗora ma jaki kayan raƙumi ke nan.

Daga nan abu uku ne, ɗaya zai faru. In sharjer ɗin na kirki ne, mai kariya a ciki, sai shi ɗauke, shi dawo, shi ɗauke, shi dawo. Kai kana ganin ƴar fitila na ƙiftawa kana murna, alhali abin da ke shiga batir bai taka kara ya karya ba. In mai taurin kai ne, sai shi tsaya kan iyakar ƙarfinshi awa da awanni, shina zafi kamar dutsen guga, har ranar da zai mutu. In ko irin na bugi ne, mara nauyi, wanda ba a san uwarshi ba balle ubanshi, to shi ba ya ɗaukewa. Narkewa yake. Kuma ku tuna ɗayan bakinshi na cikin priz mai bolt 220. Tsakanin 220 ɗin nan da batir ɗinka, da wayar da ɗanka ke taɓawa, babu komi sai ɗan shingen da ke cikin sharjer. In shingen ya ƙone, Allah shi kiyaye.

Ban gama ba. Akwai regilater waɗanda in batir ya cika, hanyar da suke tsaida caji ita ce su haɗe wayoyin panno biyu. Panno ba ruwanshi, mun faɗi dalili. Sharjer ko, an shaƙe shi ke nan. Akwai kuma masu barin panno da sharjer tare a baki ɗaya, wai kowane ya samu dama shi yi aiki. Da rana panno na tura wuta cikin sharjer ta baya. In babban panno ne, irin mai kai bolt 37 ko 45 in babu kaya, to kayan cikin sharjer da anka yi don 19 ba su jure wannan. Da dare kuma sharjer na zubar da wani abu cikin panno a banza.

Wani zai ce: ai ni nawa MPPT ne, mai tsada. Madalla. Shi MPPT da gaske yana da wayo, aikinshi shi lalubo inda panno ya fi ba da ƙarfi. Ƙaƙa yake lalube? Shina ƙara ja, shina ƙara ja, har shi ga bolt ya fara faɗuwa, sannan shi ja da baya kaɗan. Panno na sauka a hankali, sai su daidaita. Sharjer ba ya sauka a hankali. Shina tsaye kan 19 har a wuce ƙarfinshi, sannan shi faɗi rim. Regilater ya sake farawa, ya sake kada shi. Haka za su kwana suna kokawa.

Kuma tun da mun zo nan, bari in taɓa ƴan kasuwa. Da yawan abin da anka rubuta ma MPPT a gaba, ƙarya ce, PWM ne anka sa ma babbar riga. Na gaskiya yana da nauyi a hannu, don akwai naɗin waya babba a cikinshi da ƙarfen sanyaya shi. Wanda ka ɗauka ka ji kamar kwalin ashana, kuɗɗinshi kuma bai wuce na PWM ba, kada rubutu shi ruɗe ka. Ga gwaji mai sauƙi: da hantsi, lokacin da batir ke shan caji, a sa miltimetir a bakin panno. In ka ga 13 ko 14, daidai da na batir, PWM ne. In ka ga 17 ko 18 alhali batir na kan 13, to wannan na gaske ne. Mai shagon da ya ƙi a yi wannan gwaji, ya san abin da ya saida maka.

Na san amsar da ake ba ni, don na sha jin ta a waya cikin shiri. Ta farko: "Malam, ni na yi, wata uku ke nan, ba abin da ya faru." Alhamdu lillahi. Amma wanda ya hau babur ba birki ya kai Baleyara lafiya, wannan bai zama hujjar a cire ma kowa birki ba. Kuma ka auna abin da ke shiga batir ɗin? Ko fitila kawai ka gani?

Ta biyu ta fi nauyi, kuma ina girmama ta: "Kai kana cikin radiyo kana magana, mu talakawa ne, sharjer na batir kuɗɗi ne." To mu yi lissafin talaka. Batir na ampar-awa 100 da anka sha rabinshi, yana bin ka bashin ampar-awa 50. Mu ɗauka sharjer na ordinatar ya yi abin da bai saba ba, ya ba da ampar 3.4 ɗinshi cif ba ɗaukewa. Raba 50 da 3.4, ka samu kusan awa 15. Awa goma sha biyar! Wane dare ne ke da awa 15? In da gurup kake yi, lita nawa na isansi za ka ƙona kafin nan? Sharjer na batir na ainihi mai ampar 10, cikin awa 6 zuwa 7 ya gama wannan aiki, kuma shi ya san in batir ya kai wajen bolt 14.4 shi sassauta, in ya cika shi koma wajen 13.6 shi riƙe. To wace hanya ce ta talaka? Wadda ke cin isansi dare biyu ba ta cika batir ba, ko wadda ke gamawa kafin asuba?

Ga kuma babbar asarar da ba a gani da ido. Batir mai ruwan asid, ko wanda ake ce ma jel, in shina kwana da rabin ciki kullum, wani farin gishiri na daskarewa a jikin farantan darmar da ke ciki. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ranar da za ka ga ya nuna cike cikin minti talatin, ya sauka cikin minti talatin. Ya mutu ke nan. Cikin dukan kayan solar, batir ne mai tsada kuma shi ne mai gajeren kwana. Ka tsere ma kuɗɗin sharjer, ka faɗa kuɗɗin batir. Garin gyaran gira an rasa ido.

Don adalci, zan faɗi wannan: ba na ce har abada ba a iya ba regilater wuta daga wani abu da ba panno ba. Masu sani na yi. Amma da sharuɗɗa. Sai regilater ya zama MPPT na gaske. Sai mai ba da wutar ya zama irin wanda ke da iyakar ampar a jikinshi, wanda in an ja shi da yawa yake rage bolt a hankali maimakon shi ɗauke. Ko kuma a shiga cikin regilater a rage mishi ampar ɗin caji, yadda ba zai nemi fiye da abin da mai bayarwa ke iyawa ba. Misali, na bolt 24 ampar 10 yana da wat 240. In an tsaida regilater kan ampar 10, abin da zai ja wajen wat 150 ne, akwai sarari. Sai bolt ɗin ya fi na batir da tazara, amma bai wuce iyakar da anka rubuta ma regilater ba. Sai an sa makunni mai zaɓi, ko panno ko wancan, ba duka biyu ba. Sai fizibil. Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah, cikin masu yanke kan sharjer a bakin kasuwa, mutum nawa ke cika ko biyu daga cikin waɗannan? Kuma in ka tara kuɗɗin wannan duka, ai ka sayi sharjer na batir har da canji.

Hanya madaidaiciya ba ta da wuya. Sharjer na batir, wanda anka yi don batir, a maƙala shi kai tsaye a kan batir, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, da fizibil ɗinshi kusa da kan batir. Regilater na nan inda yake da pannonshi. Ba su faɗa, kowane na kallon bolt ɗin batir shina rage hannu in ya cika. Ƙarfin sharjer wajen kashi ɗaya cikin goma na girman batir: na 100, ampar 10. Mai batir litiyom kuma shi nemi sharjer na litiyom, kada shi ce duk ɗaya ne. Mai hali shi sayi konbertisar mai caji a ciki, wanda ke karɓar kuran da panno kowane ta ƙofarshi. Wayar gurup ko ta priz mai 220 ko, ko da wasa kada ta kusanci bakin panno.

Kafin ma a kai ga sayen wani abu, mu tambayi kanmu: don mi batir ba ya cika a ƙasar da rana ke fasa dutse? Hau bisa ɗaki ka duba pannonka. Tun farkon hunturu wa ya shafe shi? Ƙurar Dallol ta kwanta a kai kamar an yaɗa gari, ga kashin tsuntsu, ga inuwar reshen bedi da ta rufe kusurwa ɗaya, kuma inuwar kusurwa ɗaya na iya karya ƙarfin panno duka. Ruwa kofi biyu da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin shi yi zafi, ya fi sharjer goma na ordinatar. Duba in ya fuskanci kudu da ɗan jingine, don Filinge na wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Duba waya: siririyar wayar radiyo da anka ja mita goma tana shanye wuta a hanya. Sannan lissafi: panno na wat 100, a yini mai kyau, abin da zai zuba ma batir wajen ampar-awa 30 ne. In kana da firigo, tele, bantilatar biyu da salula arba'in a kai, ba rana ce ta gaza ba, pannonka ne ya yi kaɗan. Wanda ya saida maka batir na 200 da panno ɗaya na 100 ya ce ya isa, ya cuce ka tun ranar farko.

Sai zafi. Ana auna kwanan batir a kan digiri 25, kuma ƙa'idar da masu ƙera shi ke faɗi ita ce duk ƙarin digiri 10 na raba kwananshi biyu. Mu nan watan Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa. Batir na cikin ɗakin kwano a rufe, kusa da katifa, ka ƙara mishi sharjer mai zafi a gefe. Batir mai ruwa in caji ya yi yawa yana fitar da iska mai kama wuta. Gidajenmu kuwa zana ce, kara ne, rumbu na nan kusa. Ba sai na ƙarasa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙasar ga ba baƙuwar ilimin rana ba ce. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, ya shugabanci ofishin makamashin rana ONERSOL daga 1969 har 1985. Tun wancan zamani ana ƙera tukunyar dafa ruwa da murhun rana a Yamai, lokacin da ƙasashe da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Ya rasu a 1991. A ce yau jikokinshi na koyon haɗa solar daga bidiyon wanda bai taɓa riƙe miltimetir ba? Wannan abin kunya ne gare mu duka.

Don haka kirana uku ne. Ga hukumomi: muna da ANERSOL, muna da ANPER mai kula da wutar karkara, muna da FAFPA mai tallafa ma koyon sana'a, muna da cibiyoyin koyon sana'a a kananan hukumomi. Filinge kilomita wajen 180 ce daga Yamai, ba bayan duniya ba ce. A kawo horo na sati biyu ko uku ga samarin da sun riga sun shiga wannan aiki, a ba su takarda, mai gida shi san wa zai kira. Kuma a duba kayan da ke shigowa, abin da anka rubuta ma MPPT shi zama MPPT.

Ga masu gyara, ƙannena: ba gaba nike da ku ba. Kuna neman halali, kuma da ba ku da yawancin ƙauyukanmu na cikin duhu. Amma sana'a amana ce. Sayi miltimetir kafin ka sayi sabuwar salula. Koyi karanta bayan panno. Batir ake fara haɗawa da regilater kafin panno, in za a kwance kuma panno ake fara cirewa. Sa fizibil ko mai gida bai tambaya ba. Abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba, wannan ba ya rage ma namiji komi.

Ga masu gida da masu aiko kuɗɗi daga waje: in an zo muku da dabara, ku yi tambaya ɗaya, ampar nawa ke shiga batir? A nuna muku a kan mita, ba a baki ba. In an kasa, ku riƙe kuɗɗinku. Wanda ya riga ya cusa sharjer a bakin panno, shi cire shi yau, ba gobe ba, shi maida ma ordinatar kayanta.

Wanda bai yarda da ni ba, ƙofar radiyo a buɗe take. Shi zo da regilater ɗinshi, da sharjer, da batir da ya yi ƙasa, mu sa mita a gaban jama'a, abin da ta nuna mu faɗa ma masu saurare.

Allah shi tsare mana gidajenmu da dukiyarmu, shi ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Wassalam.